Shafuka Goma Sha Ɗaya da Na Cusa wa Malam Lawali

Da faɗuwar daminar bana ƙanena Malam Lawali ya cika shekara tara a kabari. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa a yi masa addu'a, a dafa abin sadaka, a watse. Bana na ga addu'a kaɗai ba za ta sauke abin da ke wuyana ba, shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai 'yan watanni da na yi ina koyon buga tafireta. Amma na shafe fiye da shekara talatin ina buga rubutun mutane a shagona da ke kusa da ƙofar kwaleji a nan Kontagora. Yau kam bari in buga nawa.

Ni da Lawali uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara goma sha biyu tsakaninmu. Mahaifinmu ya rasu Lawali yana ɗan ƙarami, a hannuna ya tashi. Ya zama malamin firamare a wani ƙauye a gefen Kumbashi, ya daɗe a can yana koyarwa da tsohuwar takardar malanta. Da aka matsa wa irinsu su koma su ƙaro karatu, sai ya shigo kwaleji yana dab da shekara arba'in, a sashen koyar da aikin gona. Yaran ajinsu Baba suke ce masa. Bai damu ba. Yakan biyo ta shagona bayan darasi ya gaishe ni, ya sha ruwa, ya ce, "Yaya, ashe rubutu ma noma ne. Sai an yi sharar gona, an yi huɗa, kafin a zo maganar shuka."

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike, wanda yara ke kira furojet, kafin a ba shi takardar kammalawa. A nan ne mu masu shagunan buga takardu muke shiga. Ba zan ɓoye ba, tunda ranar wanka ce. Duk kundin da na buga wa wani, nakan ajiye kwafinsa a kwamfuta. In ɗalibi ya zo lokaci ya ƙure masa, sai ya rage murya ya ce, "Baba Mamman, babu wani tsohon aiki a kan kiwon kaji?" Sai in lalubo masa, a canja sunan gari, a canja sunan mai shi, a ɗaure, ya tafi. Ban taɓa kiran wannan sata ba. Taimako nake ce masa, haka kowa a layinmu yake ce masa.

Lawali bai bi ta nan ba. Ya zaɓi ya yi bincike a kan yadda manoman yankin Kumbashi suke ajiye irin dawa daga kaka zuwa shuka. Duk hutu sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya shiga ƙauyuka da littafin rubutu a aljihu. Ya zauna da masu rataye zangarniya a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari, ya zauna da masu cuɗa iri da toka su zuba a tulu su liƙe bakin da laka. Bayan kaura da farafara da kowa ya sani, ya rubuto sunayen wasu irin dawa da Kambarci waɗanda ni ban taɓa ji ba. Kowace magana ya rubuta, sai ya sa sunan wanda ya faɗa, da ƙauyensu, da ranar da suka zauna. Ya ba ni labarin wata tsohuwa Bakambariya da ake kira Ladi, wadda ta gaji da tambayoyinsa ta ce, "Kai Malam, kullum biro, kullum biro. In yunwa ta zo takardar za ka tuƙa wa yaranka?" Ya ce mata a'a, amma in ta mutu jikokinta za su san inda za su nemi abin da ta sani. Ta ce, "To rubuta da kyau, kada ka ce ni na ce abin da ban ce ba."

Da ya gama, ya kawo mini rubutun hannunsa in buga. Ya ajiye ya koma ƙauye, domin makarantarsu ba ta da wani malamin da zai riƙe ajinsa. Na fara bugawa har na zo babi na biyu. Ga wanda bai sani ba, babi na biyu shi ne inda ɗalibi yake kawo abin da marubutan baya suka faɗa a kan abin da yake bincike. Na Lawali shafi huɗu ne kacal. A ƙarshensa ma ya rubuta a fili cewa abin da ya samu ke nan a ɗakin karatu, bai ga wanda ya yi rubutu a kan wannan yanki ba.

Na ajiye takardar na riƙe baki. A sanina, kuma na buga ɗaruruwa, babi na biyu shi ne ƙashin bayan kundi, kauri ake so. Mu a wajenmu da ido muke auna aiki. In an ɗaure kundi da baƙin bango, ana buga sunan mai shi da ruwan zinare a gadon bayansa, yadda in an jera a kanta za a karanta. Kundin da ba shi da kauri, sunan ba ya zama. Na hango na ƙanena siriri a tsakanin na yaran ajinsu da ya isa ya haife su, na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce a raina, ni da nake cika wa bare, ƙanena ne zan bari ya fita tsirara? Na buɗe ajiyata, na samo wani tsohon kundi a kan adana hatsi, na ɗebi shafi goma sha ɗaya na cusa a tsakiyar babinsa, na goge layin nan da ya ce bai samu komai ba. Na ɗaure kwafi huɗu. Suka yi kyau. Ban gaya masa ba, domin alheri na ɗauka na yi, kuma babba ba ya tallar alherin da ya yi wa ƙaninsa.

Ya zo ranar ƙarshe ta miƙa aiki, ya karɓa, ya juya bangon ya yi murmushi, ya wuce kai tsaye ofishin sashe. Bai buɗe ba. Sau da yawa nakan tambayi kaina dalili, mutumin da yake bin kowace kalma da yatsa. Amsar ɗaya ce. Ba zai iya tsayawa a gabana yana bin diddigin aikina shafi shafi ba, kamar wanda bai yarda da yayansa ba. Tarbiyyar da ni na ba shi ita ta hana shi dubawa.

Malamar da ke duba aikinsa, Dakta Rahila, mutuniyar wajen Rijau ce, mace mai tsare gida, wadda ɗalibai ke tsoron jan bironta. Tana son Lawali, don ta ce ya fi yaran sanin abin da ya kawo shi. Ashe tsohon kundin da na ɗebo, ita ta duba shi shekarun baya. Tana karantawa ta gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka kira Lawali gaban kwamiti, aka ajiye kundin biyu gefe da gefe. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya daɗe yana kallon shafukan. Aka tambaye shi ko shi ya rubuta, ya ce a'a. Aka ce to wa ya saka? A lokacin hukumar kwaleji ta yi gargaɗin cewa duk shagon da aka kama da irin wannan aiki za a hana ɗalibai zuwa wurinsa, a tashe shi daga bakin ƙofa. Lawali ya san da wannan shagon nake ciyar da gidana. Ya ce, "Sunana ne a jikin kundin. Laifin nawa ne." Aka juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara ko kalma ba. Aka soke aikin, aka ƙara masa shekara guda, aka rubuta a fayil ɗinsa.

Daga can shagona ya zo, da rana tsaka. Ya jira har mutanen da ke ciki suka fita. Ya buɗe kundin a kan tebur, ya ce a hankali, "Yaya, waɗannan shafukan ba nawa ba ne."

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na taso masa. Na ce, "Gyara na yi maka! Shafi huɗu, wa zai karɓa? Shekara nawa ina wannan aiki, kai za ka koya mini? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Na ce laifin malamar ne mai neman mutum da sharri, kowa haka yake yi ana wucewa.

Ya dube ni, ya rufe kundin, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ya ɗauki hularsa ya fita. Garin gyaran gira na tsone masa ido, kuma na tsaya ina yi masa faɗa don ya ce da zafi.

Kontagora ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Kafin sati ya zagayo labari ya kai Kumbashi cewa an kama Malam Lawali da satar rubutu. Mutumin da yake hukunta yara in sun leƙi takardar juna. Abokan aikinsa suka riƙa zolayarsa, in ya ɗauki alli wani ya ce a duba ko nasa ne. A majalisarmu ma an yi zancen ina zaune, wani ya ce, "Wallahi ban zaci haka daga Lawali ba." Na ce, "Ai ɗan Adam ajizi ne." Da bakina na faɗi haka. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya jiƙe, ina cikin rumfa ina kallo.

Ya maimaita shekarar. Ya sake komawa ƙauyukan nan, ya sake zama da tsofaffin, ya ƙara wasu. Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne, da ya gama na biyun, wurina ya sake kawowa. Akwai shaguna fiye da goma a layin. Ya san in ya kai wani wuri mutane za su haɗa biyu da biyu su gane. Sai dai wannan karon ya ja kujera ya zauna kusa da ni, yana karantawa ina bugawa, wai don rubutun hannunsa ya lalace. Ni da shi mun san ba haka ba ne.

A wannan zaman ne na koyi abin da shekara da shekaru ina bugawa ban gane ba. In mun zo maganar da ya ɗauko daga littafi, sai ya ce in sa sunan marubucin da shekara da lambar shafi. In maganar tsohuwa Ladi ce, sai ya ce in sa sunanta da ƙauyensu. In ra'ayinsa ne, sai ya ce in rubuta yadda mai karatu zai san shi ne yake magana. Wata rana na gaji na ce wannan wahalar ta mece ce, wa zai je har ƙauye ya tambayi tsohuwa? Ya ce, "Yaya, ai kamar isnadi ne. In aka ce maka an ce, ba ka tambaya wa ya ce? Matar nan ba ta taɓa riƙe biro ba. Abin da ta sani shi ne dukiyarta. In na rubuta ban ambace ta ba, na ci amanarta. In kuma na jingina mata abin da ba ta faɗa ba, na yi mata ƙarya." Ya faɗi wannan idonsa a kan takarda, bai dube ni ba. Babi na biyu ya fito shafi shida. Kundin siriri ne, da ƙyar sunansa ya zauna a bayansa. Ya ci, da sakamako mai kyau.

Burinsa shi ne ya ci gaba zuwa digiri, ya zurfafa binciken irin nan, ya kai har ƙasar Dukku. Hakan yana buƙatar takardar shaida daga malamar da ta duba aikinsa. Bai samu ba. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Ya koma ajinsa na firamare, a nan ya zauna har ciwon hanta ya kwantar da shi. Na je duba shi a asibiti kwana biyu kafin rasuwarsa, da niyyar in buɗe baki in ambaci abin da sunansa. Da na ga yadda ya rame, sai na ce abin da kowa yake cewa, "Lawali, ka yafe mini duk abin da na yi maka." Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Na yafe. Ni ma ka yafe mini." Na ɓuya a cikin yafiyar jimla, irin wadda ake nema a bakin mota in za a yi tafiya. Ya yafe, na yarda. Amma sunansa a bakin mutane yana nan yadda na bar shi.

Nakan zauna a shago yanzu, aiki ya ja baya, in yi tunanin abin da zai ce da ya ga wannan zamani. Yau ɗalibi ba ya buƙatar Baba Mamman ya lalubo masa tsohon kundi. Wayarsa yake tambaya, kafin ya gama shan ruwa ta zubo masa babi guda da Turanci mai santsi. Kwanakin baya wata ɗaliba ta kawo in fitar mata da aiki a kan cinikin hatsi a Kasuwan Garba. Na tambaye ta ko ta taɓa zuwa. Ta ce, "Haba Baba, da wannan hanyar? So kake a ɗauke ni?" Ban ga laifinta ba a nan, hanyar ta zama abin da ta zama. Na ce to sunayen marubutan da ke ƙarshen aikin fa, ta ga littattafan da idonta? Ta yi dariya. Na so in yi mata faɗa, sai na tuna ba ni da bakin yi. Kafin wayar ta zo, ni ne wayar.

Ba na jin Lawali zai tsine wa na'urar. Mutum ne mai son sabon abu. Ina jin zai zaunar da yarinyar ya ce, to, ita wayar wa ya gaya mata? Zai ce in hanya ba ta biyuwa, ai mutanen can da yawa suna nan cikin gari sun yi gudun hijira, ta je ta same su a inda suka sauka, ta gaishe su, ta tambaye su, ta rubuta sunayensu. Zai ce shafi biyar da ta sani sun fi hamsin da ba ta sani ba, domin kayan aro ba ya rufe katara. Abin da zai karya masa zuciya, na tabbata, shi ne ƙauyukan da ya bi da babur. Wasu sun watse, rumbuna sun rushe, tulunan iri sun fashe. Tsohuwa Ladi ta daɗe da rasuwa. Ban san ko akwai sauran mai shuka wasu daga irin dawar da ya rubuta sunayensu ba. In babu, to siririn kundin nan shi kaɗai ya san an taɓa yin su.

Watan da ya wuce na nemi gidan Dakta Rahila. Ta yi ritaya, gashinta ya yi fari, na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na gabatar da kaina, ta ce ta tuna da shagon. Na ce, "Ranki ya daɗe, a kan Lawali na zo. Shafukan nan ni na saka. Bai sani ba sai a gabanku."

Ta ajiye faifan. Ta ƙura mini ido. Ni dai ina fata ta ce ai ta sani tun tuni, don in samu sauƙi. Ba ta ce ba.

Ta ce, "Sau biyu ya zo neman takardar shaida. Na farko na ce masa ba na sa hannu ga wanda ban yarda da amanarsa ba. Na biyu ko zama ban bar shi ya yi ba. Ya ce na gode, Malama, ya tafi." Ta share ido da bakin zanenta. "Shekara talatin ina koyarwa, ban samu mai bincike kamarsa ba, kuma shi na kora. Malam Mamman, ka sa na zalunci mutum."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Nawa mai sauƙi ne, Allah ya yafe mana duka. Amma ba a tsakar gidana aka ɓata shi ba. A gari aka ji, a gari za ka faɗa."

To ga shi na faɗa. Duk wanda ya taɓa ji, ko ya taɓa maimaitawa, a Kontagora ko a Kumbashi, cewa Malam Lawali ya saci rubutu, ya sani ba haka ba ne. Ni yayansa Mamman na saka shafukan ba da saninsa ba, ya gane, ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi ya ɗauka har kabari. 'Ya'yansa, da suka tashi suna jin raɗe-raɗin nan ba su taɓa tambayata ba don kunya, na tara su jiya na gaya musu da bakina kafin su gani a jarida. Babbar ta yi kuka. Na tsakiyan ya tashi ya fita, kuma ba zan ce bai yi daidai ba.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai yi digiri ba, bai gina gidan bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Ya bar kundi guda da babu kalmar da ba a san mai ita ba a cikinsa. Ya bar yaran da ya koyar a ƙauye, waɗanda yanzu magidanta ne, har yau in an kawo musu labari sai su ce wa ya faɗa, a ina ya ji. Ya bar mini rufin asirin da ban cancanta ba, wanda na ci moriyarsa shekara da shekaru ina kiran kaina babba. Ni na riƙe shi yana ƙarami, amma a cikinmu biyu shi ne ya girma.

Allah ya jiƙan Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya wanke shi a can fiye da yadda na makara wajen wanke shi a nan. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ni ma ya sa ni a ciki. Na fi shi buƙata.